Ranar da Kwamfutata Ta Kurumce a Gwaram

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan jikana na fari ba, kuma ko na so in manta, matan Gwaram ba za su bar ni ba.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, kada ku zaci wani injiniya ne ke magana. Shagon buga takardu gare ni a Birnin Kudu, kusa da tasha. A aji uku na sakandare na tsaya, ba don kai ya gaza ba, sai don babu mai biya (waɗanda nake ba wa satar amsa a aji, yau su ne ke wuce ni a mota suna ɗage gilashi). Na koyi tafireta, na koyi kwamfuta da ƙyar da jiɓin goshi, sai ga zamani ya zo kowane mai waya a hannu ya zama malami. Shago ya koma na masu fotokofi da ƙudaje.

'Yata ta fari ita ce maganar. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Mahaifina har ya koma ga Allah "kai" yake ce mini, ni ma haka na riƙe: "ke", ko "yarinyar nan". Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. In ta kawo mini abinci shago, sai in ce, "Ajiye can," ina kallon takarda. Ta girma, ta auri Nasiru ɗan Malam Habu na Gwaram, ya tafi da ita Fatakwal inda yake aiki.

Haihuwar ta zo da gardama. Tiyata aka yi mata, ta zubar da jini sosai. Uwarta Hajara ta tafi jinya. Duk sanda Hajara ta kira ni, sai in tambaye ta ruwan sama, in tambaye ta tsadar albasa a can, in yi ta kewaye-kewaye har ta gaji ta ce, "Ta ci abinci yau." In ce, "Wa ya tambaye ki?" Amma gaskiya abinci ba ya wuce mini. Abu ɗaya nake so: in ga fuskarta da idona, in tabbatar ba ɓoye mini ake yi ba. To da wane baki zan ce a nuna mini ita?

Sai dabara ta zo. Tunda mai jego ba ta iya tafiya, Malam Habu ya ce a raɗa suna a zaurensa a Gwaram. Na kira shi na ce, "Malam, bai kamata dattawa su raɗa wa yaro suna ba su gan shi ba. Zan zo da kwamfuta in haɗa da talabijin, kowa ya ga jikansa ɓaro-ɓaro." Ya yi ta sa mini albarka. Ni kuwa na san wanda ya ɗauki jariri dole a gan shi tare da jaririn.

Da safe na buɗe shago na kunna kwamfutar don in ƙara mata caji. Ba sallama ba komai, sai allo ya koma shuɗi, wani ɗan zobe yana juyawa, wai tana sabunta kanta, kada in kashe. Wannan abu yana ci mini rai. Ka sayi na'ura da guminka, wani can a ƙasar da ba ka taɓa gani ba ya shigo mata ciki ya sauya kaya yadda ya ga dama. Na zauna ina kallon zoben har motar farko ta tashi. Tana gamawa na rufe, na cusa a jaka, ban gwada komai ba.

Na isa Gwaram an cika zaure. Malamai, almajiran Malam manya, 'yan uwa daga Sara da Basirka, kowa ya ji labarin za a ga jariri a talabijin. An raba goro da dabino, an yi addu'a, an raɗa suna Muhammadu. Sai Malam Habu ya ce, "To, ga surukinmu zai nuna mana ikon Allah."

Na miƙe ina gyara hula. An tayar da janareto. Na haɗa waya, na danna kiran Nasiru.

Talabijin ta yi baƙi ƙirin. Kwamfutar ma wurin hoton baƙi, sai zoben nan yana juyawa. Sauti kuwa ko na sauro babu.

Alhaji Tanko, ƙanen Malam, mutum ne mai baki kamar reza. Ya leƙo ya ce, "Masha Allahu, yaron baƙi ne irin gidanmu."

Zaure ya ɗauki dariya. Na cire waya na mayar, na hura ramin, na danna duk abin da ke dannuwa. Alhaji Tanko ya ce, "Malam, ga 'yar wayata nan, da ita muke ganin mutanen Makka ma."

Na ce, "Alhaji, wannan aikin ba na waya ba ne. Aiki ne na wanda ya sani." (Allah ya yafe mini wannan magana, da ita aka fi yi mini ba'a daga baya.)

Gumi ya jiƙa mini babbar riga. Malam Habu, mutumin kirki, ya ga halin da nake ciki ya ce, "Jama'a, an sauke masa da miya a ƙofar gida, mu je mu ba shi wuri ya yi aikinsa." Aka watse. Aka bar ni ni kaɗai da tabarmi da ɓawon goro.

Na fara da zagi. Na zagi kwamfutar, na zagi waɗanda suka ƙera ta, na zagi wanda ya ƙirƙiro sabuntawa da duk wanda ya ɗaure masa gindi. Na ce da Alhaji Tanko ya san yadda bakinsa ke kama da na tsohuwar akuya da ya rage dariya. Da zagi ya ƙare mini, sai na zauna a gabanta na tsura wa baƙin allon ido. Ban san sanda muryata ta sauka ba.

Na ce, "Haba ke kuwa. Shekara nawa muna tare, ban taɓa roƙonki komai ba. Ni ba don tsofaffin nan na zo ba. Yarinyata nake so in gani. An yanka ta, ba na kusa. Ki nuna mini ita sau ɗaya, ko ta rame, ko yaya take, in gani."

Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka raɗa mata suna. Na kira sunanta. (Ba zan rubuta muku shi ba, kada ku sa rai.) Na kira, na sake kira, na ce, "Ina jin ki a raina kullum, ban dai iya faɗa ba ne." Na cire hula na share ido da ita.

Sai guɗa ta tashi daga cikin gida. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na ce a raina matan nan ba su da aiki, suna ai an riga an raɗa.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Hajara ce.

"Malam," ta ce, ban gane dariya take ko kuka ba, "muna ganinka fa. Tun sanda ka danna kiran muke ganinka, muna jin ka."

Na ce, "Su wa?"

"Ni, da Nasiru, da matan unguwa 'yan barka, ɗaki cike."

"To me ya hana ki kira ni?"

"Na ga kana tsakiyar mutane, sai na kira Inna a cikin gida in ce a gaya maka. Ita kuwa ta ce in bar ka, in kara wayar kusa su ji."

Inna ita ce matar Malam Habu. Wato duk matan da suka zo suna sun zagaye wayarta sun saurare ni, tun daga bakin akuya har zuwa hula. Na duba ƙasa ko za ta tsage in shige, ƙasar Gwaram kuwa tauri gare ta.

Hajara ta ce, "Ga ta."

Kafin in ce a'a, kira ya koma na hoto. A 'yar wayata mai tsagaggen gilashi na gan ta. Ta rame, idanunta sun faɗa, amma a zaune take, da yaron a cinya. Tana kuka tana murmushi.

Ta ce, "Baba, ashe ka san sunana?"

Na ce, "Ke, ki riƙe kan yaron nan da kyau."

Ta ce, "To, Baba." Ta gyara shi, ba ta daina kallona ba. Ni ma ban kashe ba.

Da na fito, Alhaji Tanko ya tare ni da kwanon masa. Labari ya riga ya iso masa. Ya ce, "Tsohuwar akuya na gaishe da wanda ya sani." Malam Habu kuwa sai ya kama hannuna ya zaunar da ni kusa da shi, ya tura mini nama gabana.

Daga baya na kai kwamfutar wurin mai gyara a Dutse. Ya ce sabuntawar ce ba ta jitu da 'yan manhajojin da ke tafiyar da sauti da hoto ba. Kyamara da makirfo na aiki, amma ni ba zan ji ba, ba zan gani ba. Wai kamfanin ya san da matsalar, suna kan duba ta. Suka yi ta dubawa har aka yaye Muhammadu.

Ni kuwa na samo mata amfani. Duk Juma'a bayan an sauko, sai in ja ƙofar shago in danna kiran. Allo baƙi, shiru. In zauna in ba yarinyar nan labarin gari, in gaya mata abin da ke raina, ba idon da zai sa in sunkuyar da kai. In na gama sai ta turo saƙo a waya: "Na ji, Baba."

Abin da na koya shi ne, in na'ura ta yi shiru kada ka zagi surukai a gabanta. Kwanan nan saƙo ya fito a allon, wai gyaran sauti da hoto ya iso, in danna a saka. Na daɗe ina kallonsa. Na danna "sai an jima".