Katin da na raɗa wa suna Memuna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da laftof ɗina ya tona min asiri a unguwar Maamobi ba. Lokacin ina koyar da Linux a makarantar kwamfuta ta Yaya Mumuni, a saman bene. A ƙasa ƙanwarsa Memuna take sayar da waakye, wato shinkafa da wake. Ina sonta kamar me, amma ko sunanta ban iya faɗa a gabansa. Mutum ne da ba a wasa da shi kan 'yan gidansu, kuma a hannunsa aikina yake.

Darasin makon shi ne ƙirƙirar katin network na bogi, wanda babu shi a jikin na'ura, sai a cikin Linux. Kai ne za ka raɗa masa suna. Masu hankali suna sa dummy0. Ni da nake gwaji a ɗaki na sa memuna0, na ƙara memuna1, na ƙara amaryata (yarinyar da iyakar hirarmu "a sa ƙwai?").

Ranar darasi Yaya Mumuni ya shigo ya zauna a baya. Na haɗa laftof da majigi, na gyara murya, na buga umarnin da ke nuna katunan na'ura. Sai ga su a bango, manya-manya.

Wata ɗaliba ta karanta da ƙarfi. "Amaryata."

Na ce kada kowa ya damu, irin wannan kati da an kashe na'ura yake ɓacewa. Na kashe, na kunna, na sake bugawa da gadara. Suka dawo reras. Na manta na rubuta su a fayil ɗin saiti don kada su ɓace (abu ɗaya ke nan da na yi daidai a makon). Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Yaya Mumuni ya taso a hankali, ya daɗe yana kallon bangon.

"Masa," ya ce min, don haka ake kiran malami a nan, "wannan Memuna, namu ne na ƙasa?"

"Yaya, gwaji ne."

"Gidanmu ba a gwaji. In da gaske ne, turo manyanka da goro. In ba haka ba, goge shi yanzu ina gani."

Na kalli laftof, na kalle shi. Umarnin gogewa layi ɗaya ne, na kuma san shi sarai. Na rufe laftof ɗin.

Kawuna ya kai goron daga unguwarmu ta Madina. Yanzu kowane kati dummy0 nake sa masa, kuma ina duba na'ura kafin in haɗa majigi. Memuna kuwa har yau tambayata take wace ce memuna1.