Na Uku a Jerin Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar bakwai ta Yaya Sale ba, a gidanmu na Bauranya. Mako guda kafin nan, da hantsi, ya faɗi matacce a gona, fartanya a hannunsa, ko tari bai yi ba. Haka Baba ma ya tafi a kan buzunsa shekarun baya. Likita ya ce zuciya ce, hawan jini ya daɗe yana cin ta a ɓoye.

Ni mutum ne mai son tsari (na yi aikin sito a Kankia, ko tsintsiya sai na ba ta lamba). Da baƙi suka watse bayan la'asar, na shiga ɗakin marigayi na ɗauko na'urar awon jinin da na taɓa saya masa. Na rubuta sunayen mazan gida a littafi bisa shekaru. Baba na ɗaya, na ja masa layi. Yaya na biyu, na ja masa layi. Sannan na tara kowa a tsakar gida.

Wurin ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi. Hular Yaya na rataye a ƙusa, takalmansa na bakin ƙofa kamar yanzu zai fito.

Na fara jawabi. Na farko, a rage gishiri da dunƙulen miya. Na biyu, a bar kitse da soye-soye. Na uku, kowa ya je asibiti a duba shi tun yana kan ƙafarsa. Sai na buɗe littafin na kira sunan na huɗu a jerin, ya zo a auna shi.

Goggo Hajo, ƙanwar Baba, ta ɗago kai. "Tsaya, Malam mai biro. Ka soke mutum biyu. Wa ke na uku?"

Ni ne na uku. Kuma ban taɓa gwada kaina ba (ina ganin mai ba da umarni ba ya bin layi).

Asabe 'yar Yaya, wadda ke aiki a asibiti, ta ce, "Baffa, miƙo hannu." Abin ya matse mini dantse yana huci, sannan ya saki. Ta dubi lambar. Ta danna wani maɓalli, ta sake duba, muryarta ta yi ƙasa.

"Wannan shi ne awon ƙarshe da Babana ya yi. Baffa, daidai yake da naka."

Nan take hular ta faɗo daga ƙusa. Iska ce, na sani yanzu. Amma a lokacin zumbur na miƙe ina salati da ƙarfi, na'urar na reto a hannuna, na ture ƙwaryar fura. Sai ga ƙunshin kilishi ya faɗo daga aljihuna, man ya huda takardar, ƙunshin ya tsaya a gaban Goggo.

Ta ɗauka ta sansana. "Wannan a lamba ta nawa yake?"

Matan da suka yi kwana bakwai suna kuka suka toshe baki da mayafi suna ɓoye dariya.

Washegari Asabe ta tasa ni gaba zuwa asibiti a Kankia, har yau ina shan magani kowace safiya. Duk 'yan gidan sun je an duba su, ba don jawabina ba, don sun ga yadda na yi tsalle. Littafin yana nan. Idan zan tara su yanzu, hannuna nake fara miƙawa, kuma sai na lalube aljihu kafin in buɗe baki.