Aljihun Baya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Magariba ta watan azumi a unguwarmu ta Alsawra, kafin yaƙi ya watsa mu. Amma bari in bi abin daki-daki, don ba na son labari a hargitse.

Da farko, ɗana Mu'awiya direban raksha ne, wato keke mai ƙafa uku na haya. Na lura yana fakewa a inuwa yana karatu, fasinja na wucewa. Littattafan ƙanana ne, na Larabci, jeri guda: wani tsohon mai tsaron raga ne ke gano masu kisa, kowane littafi da gawarsa, kowace gawa kuma a gefen filin ƙwallo ake tsintarta. Na tattara su na kulle a akwatina. Ban tsaya nan ba. A tabarmar shan ruwa, inda kowane gida ke fito da tirensa bakin titi, na yi wa maƙwabta jawabi: ƙwallo ɓata lokaci ce, ƙarya haramun ce, to ina ga ƙaryar da aka shirya a kan ƙwallo? Maƙwabcina Hajj Usman ya ce, "Da kowane uba irinka ne, ya Hajj, da unguwa ta gyaru." (Maganar nan ta yi mini daɗi fiye da ƙima.)

Sai dai adali ba ya hukunci kan abin da bai gani ba. Don haka na buɗe na ɗaya, bincike kawai. Karatuna na allo ne da ɗan firamare, da yatsa nake bi. Da na gama, sai na ga rashin tsari ne a bar na biyu. Kafin azumi ya raba ina kan na huɗu, an kashe alƙalin wasa a ɗakin canza kaya, ni kuma a zuciyata na riga na kama mai dafa wa 'yan wasa shayi.

Ranar da abin zai faru, na dawo daga kasuwa na yi karatu har barci ya fara fizgata. Na sa littafin a aljihun ƙirji, na tuɓe jallabiyar na rataye. Kiran salla ne ya tashe ni, na zura ta a gaggauce na fita. To jallabiyata irin ta Ansaru ce, gaba da baya duk ɗaya, kowane gefe da aljihunsa. Na shafa ƙirji na ji wayam, na ce madalla, na baro shi a ɗaki.

Muka sha ruwa, limaminmu bai zo ba. Aka ce, "Bismilla ya Hajj, wa ya fi ka?" Na shiga gaba, har da tsawata wa samari su daidaita sahu. Ina karatu na ji tari ya yi yawa a bayana (na ɗauka dabino ne ya ƙware su). Ina yin ruku'u, wani abu ya zamo ta wuyana, ya ture hulata, ya faɗi daidai inda zan sa goshi. Bangon yana sama: mai tsaron raga rungume da ƙwallo, ga wuƙa, ga jini.

Na ja tahiya iya ja, don ban san abin da zan yi bayan sallama ba.

Na sallame. Hajj Usman ya miƙo hannu ya ɗauka, ya nisanta shi da idonsa. "Ya Hajj, wannan wane babi ne a fiƙihu?"

Ina shirin cewa ƙwacewa na yi, sai Mu'awiya ya ɗago daga ƙarshen sahu. "Baba, na huɗu ne? Wallahi mai shayin ba ruwansa, kowa shi yake fara zargi."

"Rufe mini baki, ɗan banza! Ban kai nan ba!"

Bakina ne ya faɗa, a gaban dukan layinmu. Hajj Usman ya yi dariya har ya kwanta a tabarma.

Daga ranar ba a sake ce mini bismilla ba, ko liman bai zo ba. Idan kuma kana tambaya ko littattafan sun cancanci karatu, sun cancanta, ko da yake na uku ya cika surutu. Ka dai bi su a jere. Kuma duk wanda zai shiga gaban sahu, ya fara shafa bayansa.