Tofin da Na Yi wa Kwanson Harsashi

Duk tsufan da zan yi, ba zan manta da kwana goma sha biyun da na yi ina gwanin cika harsashi ba. Bayan babban yaƙin Turawa ne da kaɗan. Harsashi ya yi wuya, don haka Badawa, Larabawan daji da ke kiwo a wajen iyakar Harami, ba sa yar da kwanso in sun harba. Sai su tara a jakar fata su kawo unguwarmu ta Jarwal, cikin birni mai tsarki, wurin surukina, Baba Ilu, ya sake cika musu. Ni gyaran butoci ne aikina, a wannan zaure nasa, kullum na ba shi baya saboda kunya.

Shekara uku ina satar kallonsa ta gefen ido. Zai zazzage jaka a tabarma, ya ɗauki kwanso ɗaya, ya duba tambarin gindinsa, ya kai baki ya hura, ya lumshe ido, leɓensa na motsi. Wani ya ajiye dama, wani ya jefa kwandon narkarwa. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Me yake karantawa? Me ya sa wannan ya tsira wancan ya faɗi, alhali a idona uwarsu ɗaya ubansu ɗaya? Amma wane ni in buɗe baki in tambayi mahaifin matata? (Mutumin da ko ruwa ba na sha a gabansa.) Sai na haɗa nawa ilimin. Tambari uku na gane: mai tauraro, mai rubutun Turawa zalla, da mai jinjirin wata, ragowar zamanin Turkawa. Hurawar nan kuwa, na yanke hukunci tofi ne.

Da zai tafi ziyara Madina, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ga zaure nan." Bai taɓa bar mini ba sai ranar. Babu abin da nake so irin ya dawo ya ce ya bar wa namiji.

Kwana biyu da tafiyarsa sai ga Mubarak, wani Badawi da ya daɗe yana kawo masa aiki. Kura ta addabi awakinsa. Na ce masa Baba ba ya nan, amma ai hannu ɗaya ne. Awon albarushi da zubin dalma na iya, don waɗannan ido na gani. Da na zo zaɓe, na tsince masu jinjirin wata kaf, na ce kayan Musulmi ba ya cin amanar Musulmi. Na goge su da toka da lemun tsami har suna ɗaukar ido. Sannan na yi alwala, na bi su ɗaya bayan ɗaya da tofi, ina lumshe ido yadda ya kamata. Mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Lafiya kuwa?" Na ce mata sirrin sana'a ne.

Ranar da Baba ya dawo, maƙwabta sun cika zaure ana shan shayi ana yi masa barka da hanya, sai ga Mubarak buɗu-buɗu da ƙura. Ya dire bindigarsa a tsakiyar tabarma, ya dubi Baba, ya kama faɗa da Larabci.

"Ya ammi, baffana, dubi aikin gidanku! Harbi ɗaya kwanso ya tsinke, gindi ya fito, sauran ya maƙale a ciki. Kura ta tsaya ta dube ni, wallahi, ta ɗauki akuyar da ta fi nono, ko sauri ba ta yi ba."

Baba ya karɓi ragowar harsasan, ya juya gindin ɗaya. "Na Turkawa," in ji shi. "Waɗannan sun sha wuta har sun gaji, tagullar ta bushe." Ya ɗan karkato wajena. "Ka hura su?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na tofa musu, Baba. Ƙulhuwa ƙafa uku-uku."



"Allah ya ba da lada," in ji Baba. "Ni dai iska nake saurare. In ta sami tsagar fita, kwanso ya mutu."

A nan mai hankali zai ja bakinsa. Ni kuwa tambayar shekara uku ta taso mini, ta fi ƙarfin kunya. "To Baba, abin da kake karantawa fa?"

"Goro nake taunawa."

Wani dattijo ya ƙware da shayi. Mubarak, da ba ya jin Hausa, ya nace sai an fassara masa, aka fassara, ya ce a maimaita. Baba ya wuni yana ciro guntun kwanson, akuyar mai ɗakina kuma ta bi Mubarak (wannan wata shari'a ce daban da na sha a cikin gida).

Washegari na shigo zaure a sanyaye, na nufi butocina, na tabbata ba zai ƙara bari in taɓa ko ƙusa ba.

"Juyo nan," in ji shi. "Shekara uku ina jira ka tambaya, har na ɗauka sana'ar ba ta gabanka." Ya miƙo mini kwanso mai tauraro. "Hura."

Na hura, idona cike da ƙwalla. Tun ranar na gane kunyar tambaya ba ta wuce ta minti ɗaya. Wadda na zaɓar wa kaina kuwa, har jikokina sun taso sun tarar Jarwal na kirana Malam Mai Tofi.