Saƙon Muryata ga Mushe Balo

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da 'yan ƙwallon lisenmu, wato sakandaren Dogon Dutsi, suka je wasa Tibiri ba. Ko na so mantawa, har yau akwai masu ajiye da muryata a wayarsu.

Ni mai sanyin hali ce, kowa ya shaida. Aikina in zauna gindin itacen bedi da littafin waƙoƙina ina kallon dutse. Amma muna da gurup na tsofaffin ɗalibai a waya, kuma ranar wasa ba a rubutu a ciki, murya ake turawa. Waɗanda suka samu mota suna bakin fili suna ba da labari, mu na gida muna zuba takaici. Da aka ci mu ɗaya, wani ɗan kabu-kabu ya ce a kai gola kasuwar bisashe. A na biyu wata ta ce ta fasa tuƙa tuwo. Da na huɗu ya shiga sai na ɗauki wayata.

Mai horar da yaran sabon malami ne da aka kawo daga Dumega. A gurup ba a kiran sunansa, Mushe Balo kawai ake ce masa, wato Malam Ƙwallo da Faransanci. Na danna wurin ɗaukar murya, na yi minti uku cur. (Ban yi zagi ba, ina da tarbiyya. Waƙa na yi, ita ce ma ta fi ciwo.) Na ce 'yan bayansa karan gero ne da aka manta a gona, iska ma ratsa su take yi. Na ce ya koma Dumega ya horar da awaki, su ma Allah ya ba su haƙuri.

Ana cikin tafa mini, Nasiru, wanda zan aura, ya kira.

"Ke, mi kinka yi haka? Kin san ko wane na Mushe Balo?"

"Wanda ya kashe mu yau."

"Yayana na, ɗan wan babana. Shi ka jan masu kawo gaisuwa gidanku ran Alhamis. Yanzu ya ce sai ya yi tunani."

Da ƙanin Nasiru ne, da abokin wasana ne, in ja shi yadda na ga dama. Yayan miji kuwa ko sunansa ba a kamawa, in an hango shi kaucewa ake yi. Ni ga shi na haɗa shi da awaki a gaban gari.

Inna ta ce in goge, in ce ƙanwata ce ta ɗauki wayar. Na ƙi. Muryata ce, kuma huɗu da nema ba ni na ƙirƙira ba. Na yi kuka dai, a ɗaki.

Ran Alhamis aka shimfiɗa tabarmi tun azahar. La'asar ta wuce ba kowa, Inna ta daina yi mini magana. Sai dab da magariba suka yi sallama, Mushe Balo a gaba da babbar riga. Aka kira ni, na durƙusa na gaishe su a can ƙasan maƙoshi.

"Ɗaga murya, ƙanwata," in ji shi. "Ran Lahadi ba hakanga take ba. Kin janye maganarki?"

Kaina a sunkuye, na ce, "Yaya, ta awaki na janye, ka gafarce ni. Ta 'yan baya kuwa tana nan."

Sai ya ce, "Ni ma na hwaɗa musu, amma ban iya waƙa ba." Ya tura ƙwaryar goro gaban Baba.

Abin da na koya shi ne, a Arewa kafin ki tura murya ki fara tambaya ɗan gidan wa ne. In kin tambaya, kuma an ci ku huɗu, ki tura abinki.