Gwarzon Ƙwallon Gora Ba Ya Gudu

Idan ana lissafin mazajen da Allah ya yi wa ƙasar Makarfi baiwa da su a farkon mulkin kai, wajibi ne a fara da Malam Sada, malamin duba auduga. In an yi mantuwa ba a fara da shi ba, babu damuwa, shi da kansa zai tunatar. Mutum ne mai cikar zati da cikar tumbi, ga tabarau a karan hanci, ba don ciwon ido ba sai don idon jama'a. Daga kasuwar auduga ta Makarfi har ta Ikara da ta Kudan, yatsunsa biyu ne alƙalai. In ya murza auduga ya ce lamba ɗaya ce, manomi ya koma gida yana dariya. In ya ce lamba uku ce, sai haƙuri. Saboda haka ba a taɓa jin wanda ya musa masa magana ba, shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin shaida cewa bai taɓa yin kuskure ba. An taɓa tura shi Ikko ɗan gajeren kwas, tun daga nan ya daina cewa "a ganina", sai dai "mu da muka ga teku".

A ranin da za a ba da labarinsa, an aiko wani Bature ɗan Amurka koyarwa a wata makaranta da ke yankin. Sunansa ya gagari harshe, aka bar shi a Dogon Bature. Ya zo da wasan ƙasarsu a cikin buhu: gora mai kama da ƙaramar taɓarya, da ƙwallo mai taurin goriba, da safar hannu ta fata. Wasan ba shi da wuyar fahimta. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata gora, sa'an nan ya zuba da gudu ya zaga zango uku da aka yi wa alama da buhunan ƙaiƙayi, ya dawo gida. In ya dawo lafiya, garinsu ya ci ɗaya. In abokan hamayya suka tsinto ƙwallon suka taɓa shi da ita tsakanin zango da zango, an kashe shi ke nan. In aka kashe mutum uku, sai ɗaya garin ya karɓi gora.

Kafin a ankara, Ikara da Makarfi da Kudan kowanne ya kafa ƙungiya, ana karawa ran Asabar bayan la'asar. Dogon Bature ya fito da wani kofi na azurfa, ko dai mai kama da azurfa, ya ce a ƙarshen rani shugabannin ƙungiyoyin uku za su ambaci ɗan wasan da ya fi kowa amfani, wanda ya sami rinjaye shi zai ɗauka.

Malam Sada ya dubi kofin nan ta saman tabarau. A take ya gane cewa akwai wani gurbi a zaurensa, daidai inda baƙo ke fara kai ido, wanda tun da aka gina gidan yake jiran wannan kofi. Kashegari ya aika a kira masa Lado, shugaban ƙungiyar Makarfi, ya sanar da shi cewa ya yanke shawarar taimaka musu. Lado yana da auduga jibge a ɗaki ba a kai kasuwa ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai mun gode Allah." Da yake kuma ba a sa hannu a akushi kafin babba, sai aka ba Malam Sada bugun farko a kowane wasa.

Ranar da ya fara fitowa, da Ikara aka kara. Sauran 'yan wasa sun zo da gajerun wanduna, shi ya zo da babbar riga mai aska takwas, da takalmi sau-ciki, da laima a hammata. Mai jifan Ikara ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi iyali da gajiya, sa'an nan ya lallaɓo ƙwallon kamar mai miƙa ƙwai. Malam Sada ya dungure ta da gora, ta gangara ta tsaya a gabansa kaɗan. Ya ajiye gora, ya gyara hannun riga, ya buɗe laima, ya kama hanyar zango na ɗaya da takun ƙasaita. Wani ɗan Ikara ya suri ƙwallon ya nufo shi a guje, amma yana zuwa kusa sai gwiwoyinsa suka tuna tarbiyya. Ya zube ƙasa, ya ɓoye ƙwallon a bayansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, barka da ƙoƙari."

Dogon Bature ya yi ta tsalle a gefen fili yana ɗaga hannu, yana cewa da guntuwar Hausarsa a yi gudu, a yi gudu. Malam Sada ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya juyo gaba ɗayansa.

Ya ce, "Yaro, ina jin labari bai iso maka ba. Mun karɓi mulkin kai. Zamanin da Bature zai ce wa dattijo ruga ya wuce. Mu da muka ga teku mun san abin da ke sa babba gudu: ko gobara, ko mahaukacin sa. Wanne ka gani a nan?"

Jama'a suka ce gaskiya ne, musamman waɗanda ba su kai audugarsu kasuwa ba tukuna.

Da a ce shi kaɗai ne a kan hanya, da abin ya zo da sauƙi. To, bayansa akwai samari masu jini a jika, waɗanda in suka maka wa ƙwallo gora sai an shiga gonar rake nemanta. Irin wannan bugu ya isa mutum ya zaga fili ya dawo gida har ya sha ruwa. Amma saurayi zai taso kamar kibiya, ya iske Malam Sada yana tafe a gaba, laima tana rangaji. Wane ɗan halak ne zai gifta dattijo a hanya ba ko sallama? Sai ya ci birki, ya goya hannu a baya, ya bi sahu. A kowane zango kuwa Malam Sada yakan tsaya ya amsa gaisuwa, wani lokaci har ya ɓare goro. Saurayin yana tsaye a sarari yana jiran a ba shi wuri, sai a zo a taɓa shi da ƙwallo a hankali, kamar ana tashin mai barci.

Sau ɗaya aka sami wanda ya kasa haƙuri. Timoti ne, wani kafinta mutumin kudancin Zariya da ya zauna a garin yana ɗan noman auduga, wanda duk yankin ba mai ƙarfin bugunsa. Ya ratse ta gefen laima ya wuce fuu. Nan Dogon Bature, cikin baƙin ciki, ya ɗaga hannu ya ce dokar wasan ita ce duk wanda ya wuce na gabansa ya mutu. Malam Sada ya yi murmushi irin na wanda aka tabbatar wa fatawarsa.

Ya ce, "Kun ji ko? Har a Amurka an san bin na gaba bin Allah. Ashe suna da sauran hankali."

A kasuwar da ta biyo baya, audugar Timoti, fara sol kamar nono, ta sauka a lamba uku. Ba a sake samun mai gaggawa ba. Samarin Makarfi suka laƙaba wa gwarzon nasu suna Malam Shinge, amma a can cikin gonar rake suke faɗa, inda ba mai ji sai ganye.

A Kudan ne Malam Sada ya yi zaton zai gamu da fitina, domin shugaban ƙungiyarsu Uwaisu ne, ɗan kawunsa. Taubashi ba ya jin kunyar taubashinsa, kuma tun suna yara Uwaisu bai taɓa barinsa ya sha ruwa lafiya ba. Abin mamaki, da Uwaisu ya kalli wasa ɗaya, sai ya tara mutanensa ya kafa musu doka cewa duk wanda ya kuskura ya taɓa Malam Sada da ƙwallo ya bar ƙungiya. Har tabarma ya sa aka shimfiɗa a zango na biyu, da butar ruwan sanyi da mazarƙwaila, domin babban baƙo ya huta sosai kafin ya ci gaba. Malam Sada ya zauna, ya miƙe ƙafa, ya ce lallai shiriya ta Allah ce, kuma ba a fid da rai ga kowa.

Haka rani ya yi ta tafiya. Makarfi ta sha kashi a Ikara, ta sha a Kudan, ta dawo gida ta sha a gaban 'yan uwa da surukai. Dogon Bature ya rame, ya daina tsalle. Lado ya fara ciwon kai duk ranar Asabar. Malam Sada kaɗai ke ƙara sheƙi, domin ya gano wata gaskiya wadda yake bayyana wa masu zuwa gaisuwa a zaure.

Yakan ce, "Ana yawan tambayata, wane ne mafi amfani a fili?" Ba wanda ya taɓa tambayarsa. "Jahili zai ce mai ƙarfin bugu. To, jaki ma yana da ƙarfin harbi. Wani zai ce mai gudu. In gudu ne, a kai wa zomo kofin. Mu da muka ga teku mun san amfanin ɗan wasa a abu guda yake: kada a kashe shi. Matacce ba ya amfanar kowa. Tun da aka fara wasan nan, wa ya ga an kashe ni?"

Babu. Wani tsoho mai ƙarar kwana ya yi ƙarfin hali ya ce, shi dai idonsa ba shi da kyau, amma kamar bai taɓa ganin Malam ya iso gida ba, kullum kafin ya baro zango na uku an gama kashe mutum uku a bayansa.

Malam Sada ya ce, "Gida ba ya gudu. Sannu ba ta hana zuwa."

Tsohon ya san ƙarashen karin maganar, amma ya haɗiye shi, domin ɗansa ma manomin auduga ne.

Ranar ba da kofi, aka taru a filin Makarfi, garuruwan uku duka, da makaɗa da 'yan tallan rake. Aka ɗora kofin a kan tebur gaban Dogon Bature. Aka fara tambayar Lado. Ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya tuna cewa kasuwar auduga ta bana ta riga ta tashi, ya ce Timoti. Malam Sada ya yi ajiyar wannan magana a zuciyarsa domin baɗi. Shugaban Ikara ya miƙe, ko tari bai yi ba ya ce Malam Sada. Uwaisu ya ce shi ma Malam Sada, ya ƙara da cewa in akwai kofi na biyu a haɗa masa.

Malam Sada ya karɓi kofin da hannu biyu, ya ɗaga shi sama domin na baya su gani, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, yabon kai jahilci ne, saboda haka ba zan ce komai ba sai abin da kowa ya sani. Kun ga abokan hamayya da bakinsu sun shaida. Na gida ne kawai bai gani ba, dama ido ba ya ganin abin da ya yi kusa da shi ƙwarai. Yanzu tun da na kai ƙololuwa, kuma babu sauran abin da zan koya wa Amurka, ina sanar da ku cewa daga yau na ajiye gora."

Bai rufe baki ba makaɗan Makarfi suka saki ganga. Mata suka rangaɗa guɗa daga bayan danga. Timoti ya rungume Lado, Lado yana share ido da hula. Malam Sada ya gyaɗa kai, ya ce a ransa, dubi yadda talakawa ke ɓoye baƙin ciki da kiɗa.

Sai Uwaisu ya ɗaga hannu aka yi tsit.

Ya ce, "Ɗan gwaggo, ba mu yi haka da kai ba. In za ka daina, ajiye mana kofinmu. Ka san wahalar da muka sha kafin mu same ka? Duk 'yan wasan Kudan sai na ciyar da su, na yi musu magiya kafin su yi mana aiki. Kai kaɗai ne kake yi mana aiki Makarfi tana ciyar da kai." Shugaban Ikara ya matso ya durƙusa, ya ce su ma roƙonsu ke nan, don Allah Malam ya dubi zumunci ya ƙara ko da shekara ɗaya ce.

Malam Sada bai tsaya tantance maganar taubashi ba, dama ba a auna ta da mudu. Abin da ya gani shi ne manyan mutane biyu suna roƙonsa a bainar jama'a. Zuciyarsa ta karye.

Ya ce, "To, tun da jama'a sun matsa, na fasa."

Gangar Makarfi ta mutu a tsakiyar kiɗa. Sai wata dabara ta faɗo wa Lado irin ta wanda ruwa ya ci. Ya ce shi a ganinsa ba daidai ba ne gari ɗaya ya riƙe alheri shi kaɗai. Tun da mahaifiyar Baba 'yar Kudan ce, Makarfi ta yafe wa Kudan shi baɗi, kyauta, har da laimar. Uwaisu ya yi baya kamar ya taka maciji, ya ce shi bai isa ya raba dattijo da garin ubansa ba, in dai kyauta ce a kai Ikara, su ne ba su da babba a ƙungiya. Shugaban Ikara ya rantse cewa filinsu duk tsakuwa ne, takalmin Malam ba zai jure ba. Murya ta hau murya, kowa yana tura wa ɗan uwansa alheri, har sai da dattawa suka shiga tsakani. Gwarzon shekara yana tsaye a tsakiya rungume da kofi, yana kallon wannan yana kallon wancan, fuskarsa cike da tausayi.

Da ya koma gida, ya tarar da uwargidansa Hajo tana tankaɗe. Ta tambaye shi hayaniyar me aka yi ta jiyowa daga fili.

Ya ce, "Bari kawai, Hajo. Yau saura kaɗan garuruwa uku su ba hammata iska a kaina."

A yi masa adalci, wannan karon gaskiya ya faɗa.