Wakilin Ƙafafun Alhaji

Duk wanda ya ce ya zo Nguru bai ga Alhaji Abdulganiyu ba, to a tasha ya tsaya. Taubashina ne, ɗan wan mahaifiyata, saboda haka in na yabe shi haƙƙina na karɓa. Kakanninmu da jaki guda da buhun kanwa suka taso daga Haɗejiya. Yau ga jikansu da shagunan hatsi bakwai, da tumbin da ke riga shi shiga masallaci da raka'a guda. 'Yan kasuwa Rumbun Yobe suke kiransa. Ni Alhaji Zauna-Ka-Ci nake ce masa, kuma yana amsawa.

Bara gwiwoyinsa suka yi masa tawaye. Suga ya hau, numfashi ya koma na injin niƙa. Likita a Kano ya ce mafita ɗaya ce, aikin rage tumbi. Amma da sharaɗi: wata uku yana tattaki kullum, zuciya ta yi ƙwari, kilo goma su zube. In ba haka ba, babu mai sa masa wuƙa. Aka ɗaura masa agogo mai ƙirga taku, wanda ke tura lambobi Kano da kansa. Aka haɗa shi da mai horarwa, wata Malama Raliya, tana can tana duba lambobin tana turo masa saƙon murya.

Alhaji ya dawo majalisa ya naɗe hannun riga har kafaɗa.

"Wannan agogon, a duk Yobe ta Arewa mu biyu ne ke da shi," in ji shi, "ɗayan ma na bogi ne."

Ranar farko ya fito bayan La'asar, babbar riga ta sha turare, yana taku ɗai-ɗai kamar raƙumi a kan kwalta. Kafin ya kai kwanar layi, masu keke huɗu sun tsaya suna roƙon ya hau. Wani tsoho ya yi masa jajen mota. Kan ka ce kwabo labari ya kai kasuwa cewa Rumbu ya karye, an gan shi a ƙafa. Don ya kashe tsegumin, ya tsaya wurin Babagana mai tsire ya saye faranti sukutum, ya cinye a gaban shaidu. Taku ɗari biyu da goma sha biyu aka samu ran nan, har da na komawa mota.

Washegari ya tara mu, ya yi gyaran murya irin ta masu wa'azi.

"Mutum kamata ba ya yawo a titi kamar wanda akuyarsa ta ɓata. Ranar aurena ina ɗaki, wakili ya je ya karɓa, kuma aure ya ɗauru. To tafiya ta fi aure ne?"

Majalisa ta ce gaskiya ne, don shinkafar rana na kan wuta.

Wakilin da aka naɗa shi ne Malam Mudi, dattijon da ke koro shanu daga Kumagannam zuwa kasuwar Gashuwa, siriri kamar sandarsa. Sai da aka huda wa maɗaurin agogon sabbin ramuka uku kafin ya zauna a hannunsa. Ba a gaya masa komai ba, illa cewa amana ce, kada ya cire.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Taku dubu talatin, dubu arba'in. Malama Raliya ta dinga turo yabo, Alhaji na sa wayar a lasifika don na bayan layi su amfana. "Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin majinyaci irinka ba. A ɗan riƙa hutawa." Sai ya huta, da ƙafar rago. Ran da ta tambayi abin da ya kai shi bakin wani tafki a jejin Yusufari da tsakar rana, ya ce filayensa yake dubawa. Hajiya Fanne, matarsa, ita kaɗai ta ce, "Alhaji, jikin nan fa naka ne za a yanka." Ya ce mata ba su san kimiyya ba.

Da wata uku suka cika, aka ce ya je wani asibiti a Gashuwa a auna shi, ya yi tafiyar minti shida Malama na kallo ta waya, sannan a tsayar da ranar aiki. Mota biyar muka yi. An riga an yanka sa na walima a gida. Abu guda aka manta a ɗokin tafiya: agogo.

Ya hau sikeli. Ma'aikaciyar ta duba, ta sauke shi, ta bubbuga sikelin, ta sake ɗora shi. Kilo tara ya ƙaru. Alhaji ya ce nauyin rawani ne. Aka cire rawani, allura ba ta ko motsa ba. Tafiyar minti shida kuwa, a minti ɗaya da rabi gwarzon jejin Yusufari ya rungume bango yana neman kujera da ido.

"Alhaji," in ji Malama daga cikin wayar, "kana tsaye, amma agogonka na tafiya. Ga shi ma ya shigo ƙofar asibitin."

Muka waiwaya. Malam Mudi ne, ya sayar da shanu ya ga motocinmu. Ya jingine sanda, ya durƙusa, ya kwance agogon da hannu biyu.

"Wushe, sannu Alhaji. Ga amanarka. Ko wanka ban cire ba."

Malama ta nemi a ɗora shi ma a sikeli. Kilo arba'in da takwas, da takalminsa na taya.

An ɗage aiki sai wata shida masu zuwa, in Alhaji ya taka da ƙafafun da Allah ya ba shi. San da aka yanka na walima kuwa ba a mayar da shi. Malama ta ce wanda ya yi tafiyar yana bukatar nama, don haka Mudi ya tafi Kumagannam da cinya.

Yanzu kullum da hantsi za ka ga Rumbun Yobe yana zagaya tsakar gidansa, ƙofa a kulle, Hajiya Fanne na biye da shi tana ƙirgawa da carbi. Na leƙa ta katanga na tambaye shi ko a nemo wakilin da za a yanka a madadinsa. Ya ɗaga takalmi zai jefe ni, numfashi ya hana.